Aikin Kunnen da Ya Taɓa Mini Harshe

Tun da aka sallamo ni mutane ke tambayata yadda aikin kunne yake, wasu don jaje, wasu don suna da mai irin ciwon a gida. A bakin tukunya ba a ba da doguwar amsa, shi ya sa na ga gara in zauna in rubuta yadda abin ya faru, mai amfana ya amfana. Ni ba malamar asibiti ba ce. Abinci nake sayarwa a wata rumfa kusa da ƙofar jami'a a nan Wudil, shinkafa da miya, shinkafa da wake, tuwo, ranar Juma'a kuma farfesun kifi saboda 'yan kasuwa. Sunana Sa'adatu, amma ɗalibai Maman Walid suka sani.

Kunnena na dama yana ruwa tun ina yarinya a Kausani. Ya yi ta zuba, ya ɗauke, da zarar mura ta kama ni ya dawo. A gidanmu ba a lissafa shi cikin ciwo, tunda ba ya kwantar da mutum. Innarmu takan matsa mini ruwan albasa, wata rana man kaɗanya mai ɗumi, a goge da gashin kaza. Da na yi aure na dawo gari sai na koma kemis, in sayi na ɗigawa, in ya ƙare in sayi wani. Na saba ɗaura ɗankwali ya rufe kunnen, na saba juya wa mai magana ɓangaren hagu. Har na haifi 'ya'ya huɗu a haka.

Da daminar bara waccan ne abin ya sauya. Ruwan ya ragu, amma ya koma wari, irin warin da turare ba ya dannewa. Wani lokaci in ga jini a jikin auduga. Bayan kunnen ya riƙa yi mini nauyi. Wata rana da hantsi na sunkuya zan sauke tukunyar miya daga murhu, sai rumfar ta juya da ni. Na zauna daɓas a ƙasa, tukunyar ta kife gefe, miyar ta wuce ƙafata da kaɗan. Da maigidana, Malam Nasiru, ya dawo, direban tifa ne, yashi yake ɗauka daga kogi zuwa Kano, sai ya ce, "Yau miya ce ta zube. Gobe kan wa za ta zube? Ki shirya, asibiti za mu."

Likitan asibitin garinmu ya haska kunnen, bai ɗau lokaci ba ya rubuta mana takarda zuwa ɓangaren kunne, hanci da maƙogwaro na wani babban asibiti a Kano. Zuwan farko kati kawai muka samu. Na biyu mun bar Wudil bayan asuba, duk da haka muka tarar da benci a cike, wasu daga Jigawa, wasu daga Bauchi, har aka tashi ba a kira ni ba. Wanda zai je, ya tafi da ruwa da abin taɓawa, ya kuma san ranar ta tafi.

A tsakanin nan kowa ya zama likita. Wata maƙwabciya ta ce hannu ne, in duba cikin masu sayar da abinci 'yan'uwana. Kawun Malam ya aiko da rubutu, na sha. Yayata Rabi, wadda har yanzu take aure a Kausani, ta zo da man habbatus-sauda da aka daka tafarnuwa a ciki.

"Ki ɗiga wannan safe da yamma," in ji ta. "Kin san mutanen asibiti, da sun ga kunne sai su ce a fasa kai."

Na ɗiga na 'yan kwanaki. Kamar an zuba mini barkono. Na daina, ban gaya mata ba.

A zuwa na uku na ga babban likita, dattijo mai furfura a gemu. Ya sa wani siririn bututu mai zuƙa ya kwashe abin da ke ciki, ƙarar kamar jirgi a cikin kaina. Ya tura ni gwajin ji, inda ake sa wa mutum abu a kunne a ce in ya ji ƙara ya danna, ya kuma tura ni hoton kai. Hoton nan shi ya cinye adashin da na ɗauka da niyyar sake kwanon rumfa. Da muka kawo, ya ɗaga shi a haske ya yi bayani da Hausa, kuma maganarsa ta zauna mini.

"Fata ce ta shiga inda ba wurinta ba, tana cin ƙashi a hankali kamar gara. Rufin kunne kuwa shi ne daɓen ƙwaƙwalwa. Ba don ki ƙara ji za mu yi aikin nan ba, Hajiya. In jin ya ƙaru, riba ce. Don kada abin ya haura sama za mu yi."

Malam ya ce, "In an bari fa?"

"Wataƙila ta yi shekaru a haka. Wataƙila a kawo ta ranga-ranga. Ba zan iya gaya maka wanne ba."

Aka sa mana rana. Kafin mu fita wata matashiyar likita ta tare mu, ta gaishe mu har da rusunawa, ta ce suna wani bincike, in na yarda tana da 'yan tambayoyi. Ta ce ba dole ba ne, in na ƙi ma ba zai taɓa aikina ba. Su likitoci, in ji ta, suna iya leƙa kunne su ga ya warke, amma ba sa iya leƙa rayuwar mutum, shi ya sa suke tambaya kafin aiki, su sake tambaya bayansa, su gwada. Kowace tambaya in ba ta lamba, daga sifili, wato babu damuwa, zuwa biyar, wato abin ya kai maƙura.

Ta ce, "Ruwan kunnen, nawa yake damunki?"

Na ce, "Alhamdulillahi."

Ta yi murmushi. "Alhamdulillahi a kowane hali, Mama. Amma lamba nake so."

Ban taɓa auna damuwa da lamba ba. Na ce biyu.

Malam ya ce, "Biyu? Rubuta biyar, likita. Matashin kai nawa aka jefar a gidan nan?"

Ta ce masa amsar mai kunnen ake so, ko zai ɗan jira mu a waje. Ya fita yana ƙunƙuni. Ta ci gaba. Jin magana a ɗaki, jin magana a cikin hayaniya, ciwo, jiri, ƙugi a cikin kunne, tsoron ruwa wajen wanka, yawan sayen magani. Da ta zo kan wari da shiga mutane sai na tuna yadda nake zama can bakin tabarma a gidan biki, da yadda nake miƙa wa mutum kwano in ja baya da sauri, don mai abinci in aka ji mata wari ta gama. Na ce biyar. Ta rubuta, ba ta ɗago ta kalle ni ba, na kuma ji daɗin hakan.

Ana gobe aiki babban likita ya zo gadona da takardar sa hannu, Malam na zaune a gefe. Ya tsaya ta damana, fanka tana ta ƙara, ana kuma rigima da wani mai jinya a gado na gaba. Ya lissafa abubuwan da kan iya faruwa. Na ji ya ce akwai jijiyar fuska a wurin, in aka taɓa ta baki yakan karkace, ko da yake ba kasafai ba. Daga nan hankalina ya tsaya a kan karkataccen baki. Ya ci gaba da magana, ina gyaɗa kai. Ya ce ko ina da tambaya, na ce babu. Na sa hannu.

Ba a yi aikin a ranar da aka sa ba. An kawo wani mai larurar gaggawa, aka mayar da ni mako na gaba, bayan na wuni ba ci ba sha. Kuɗin gado da na mota suka ƙaru, Malam ya sayar da tumakin da yake kiwo a bayan gida. Ban ga laifin kowa ba, na ga mutumin da aka shigo da shi.

Da aka yi aikin, na farka da ƙaton bandeji kamar rawani, ina amai. Yaya Rabi ce a kaina, ita ta zo jinya duk da ba ta so aikin ba. Abin da na fara yi shi ne na yashe mata haƙora.

"Yaya, duba bakina."

"Bakinki na nan daidai, sai surutu. Kwanta."

Washegari ta haɗa mini shayi. Na kurɓa na ji kamar na tsotsi tsohon kwabo. Na ce ta wanke kofin nan kuwa? Ta sake wankewa a gabana, ta sake haɗawa. Duk ɗaya. Matar gado na kusa ta ce allurar barci ce, haka take yi, zai wuce.

Ma'aikatan jinyar ɗakinmu sun yi ƙoƙari, musamman wata mai jiki da ke zuwa da safe, wadda ta koya mini yadda zan tashi zaune ba tare da jiri ya kayar da ni ba. Banɗakin kuwa ba zan ce komai a kansa ba, wanda zai kwanta ya tafi da bokitinsa da sabulunsa.

A makon farko a gida dokoki ne kawai. Kada ruwa ya shiga, kada in fyace hanci, in atishawa ta zo in buɗe baki, kada in ɗau nauyi. Ta bayan kunne aka yanka, wurin ya yi dindiris kamar ba jikina ba. Ina jin wani ƙwas-ƙwas a ciki in na haɗiyi yawu. Yaya Rabi ta riƙe rumfa don kada masu ciniki su watse, ta dawo da yamma ta dama mini kunu. Kunun tsamiya, kunun gyaɗa, ko wanne tsatsa-tsatsa. A mako na biyu aka cire zare. Bayan nan aka zaro abin da aka cusa a ciki, babban likita ya leƙa ya ce ya yi kyau, fatar da suka ɗinka a cikin kunnen ta kama.

Na ce, "Likita, bakina fa? Komai na ci ƙarfe nake ji."

Ya ajiye abin haskawa. "Akwai wata jijiya siririya kamar zare da ta ratsa ta cikin kunne, ita ke kai ɗanɗanon gaban harshe na wannan gefen. Ciwon ya naɗe ta, sai da muka ja ta muka kankare kafin mu fitar da shi. Na faɗa miki ana gobe aiki."

Na dubi Malam. Ya ce, "Ya faɗa. Ya ce ɗanɗano kan canza. Na zaci kin ji."

Ban ji ba. Ko kunnen ne, ko tsoron ne, ban sani ba. Na tambaya ko zai dawo. Ya ce ga yawancin mutane yana dawowa cikin watanni, ga wasu ba ya dawowa duka, kuma babu maganin da zai rubuta mini a kai. Sai a lokacin ya tambayi sana'ata. Da na faɗa ya ce, "Allah ya sa kina cikin masu dawowa."

Da na samu ƙarfi Yaya Rabi ta koma gidanta, na koma bakin murhu. Shekara da shekaru ban taɓa auna gishiri ba. In barbaɗa, in ɗiga a tafin hannu, in lasa, in san abin da ya rage. Yanzu in lasa in ji lami da ƙarfe. Gefen hagu na harshen yana aiki, amma ƙarfen dama ya rufe komai. Sai in ƙara gishiri, in ƙara dunƙule, in sake lasa, in ƙara.

Ba wanda ya ce mini komai. Kwanuka dai suka fara dawowa da saura. 'Yan matan da ke zama a bencin gaba suka koma rumfar da ke kallon tawa, in mun haɗa ido su ce, "Mama, ya jiki?" Shinkafar da kan ƙare kafin la'asar ta fara kaiwa magariba, in kwaso ta gida. Na ba Malam ya ɗanɗana, ya ce ta yi daɗi. Shi ko ƙasa na dafa haka zai ce.

Wanda ya gaya mini gaskiya Malam Habu ne, ma'aikacin ɗakin karatu na jami'a, ɗan Gombe, wanda ya daɗe yana cin abincin rana a wurina. Ya jira mutane suka ragu, ya matso ya rage murya.

"Maman Walid, kada ki ji haushi. Ko kin sauya mai dafa miki miya ne?"

"Ni ce dai, Malam. Me ya faru?"

"Gishiri. Kwana biyun nan in na ci sai in wuni ina shan ruwa. Ni kuma da hawan jini."

Na gaya masa abin da ake ciki. Ya yi salati, ya ba ni haƙuri kamar shi ya yi laifin. Ranar na rufe da wuri.

Na aika Kausani, Yaya Rabi ta dawo, aikinta ɗanɗano kawai. Ba mu daɗe ba muka fara saɓani. Ita harshenta na tuwon gida ne, daddawa da yawa, yaji kaɗan, ɗalibai kuwa ba haka suke so ba. In ta ce ya ji, ba ni da hanyar musa mata, ba ni da hanyar yarda da ita. Wata rana ta ajiye ludayi ta ce, "Da kin ji maganata da harshenki na nan." Na ce da harshena na nan, ni ce ba a san inda nake ba. Ta share hawaye da bakin mayafi, muka ci gaba da aiki.

Dabarar da muka tsaya a kai ita ce awo. Duk ranar da Malam Habu da wasu amintattu biyu suka ce miya ta yi daidai, mu riƙe abin da muka zuba, cokali kaza na gishiri a tukunya kaza, gwangwani kaza na kayan miya. Da can in na ga mace tana girki da awo raina ta nake yi. Yanzu da shi nake ci. Ba ya kamawa kullum, don tumatirin rani daban, na damina daban, amma ya fi lalube. Da shuka ta matso Yaya Rabi ta tafi. Wasu masu cinikin sun dawo, wasu har yau suna can.

Bayan wata shida aka kira ni dubawa. Matashiyar likitar nan ta sake zaunar da ni da tambayoyinta, su ne dai na farko. Ruwa, sifili. Wari, sifili. Jiri, ɗaya. Ji a cikin hayaniya, kusan yadda yake. Shiga mutane, na ce sifili, domin a makon da ya wuce na je sunan 'yar ƙanena na zauna a tsakiyar mata har aka yi mini kitso, abin da rabona da shi a gaban jama'a tun ina budurwa. Ta haɗa lambobin ta gwada da na baya, fuskarta ta washe, ta ce an samu sauƙi sosai.

Tambayar ƙarshe ita ce, a dunƙule, nawa kunnen yake dagula mini rayuwa.

Na ce, "Kunnen, ko aikin kunnen?"

Ta ce me nake nufi. Na ba ta labarin gishiri. Ta sake bin tambayoyin da biro daga sama har ƙasa, ta ce gaskiya babu ta harshe a ciki, don kunne aka tsara su. Ta ce in ba ta lambar kunnen tukuna, na ce ɗaya. Sannan ta rubuta maganata da hannu a ƙasan shafin, ta karanta mini, ta ce za ta kai wa manyanta. Ban san abin da ya biyo baya ba. Lambobin nan duk gaskiya ne, ni na faɗe su, ba wanda ya matsa mini. Wanda ya karanta su zai ce matar nan ta warke, kuma bai yi ƙarya ba.

Yanzu an haura shekara. Kunnen a bushe yake, ina zuwa a share shi lokaci-lokaci. Jin ya ƙaru kaɗan, ba yadda na yi fata ba. Ƙarfen bakin ya ragu sosai. Zaƙi ne ya fara dawowa, sannan tsami, gishiri ne har yau yake mini wasa, sai na tura cokali gefen hagu na jira.

Ga mai irin wannan ciwo, ko mai yaron da kunnensa ke ruwa, abin da zan ce kaɗan ne. Kunne mai ruwa ciwo ne, ko da ba ya kwantarwa. A daina ɗura masa albasa da mai, a kai shi a duba tun abin bai ci ƙashi ba. In an zo sa hannu, ka juya wa likita kunnen da ke ji, ka sa ya maimaita, ka kuma gaya masa da me kake cin abinci, ko bai tambaya ba. Mai girki da mai shayi da mai gasa nama, su tambayi maganar harshe. Ina godiya ga Allah, ina godiya ga waɗanda suka yi mini aiki, da yayata da ta bar gidanta sau biyu saboda ni.

Ranar da muka dawo daga dubawar ƙarshe, muna cikin mota mun hau gadar Wudil, masu ɗibar yashi suna ta aiki a ƙasa, Malam ya juyo ya ce, "Sa'a, in tambaye ki mana. Da kin ji maganar harshen nan a ranar, za ki sa hannu?"

Na yi tunani har muka sauka daga gadar.

Na ce, "Zan sa. Amma da sai na ce a ɗaga aikin da mako guda."

"Ki yi me da makon?"

"In sa ka sayo zakara da kifi da man shanu, in dafa da hannuna, in zauna in ci da harshena duka."